Zanen karkarar Holan na ƙarni na 17: ina wahalar manoman ta shiga?

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ƙarin haske daga malamai da masana da ke wannan zaure a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. An ba mu aikin bincike a kan tarihin bugun zane, wato zanen da ake yi a jikin farantin jan ƙarfe, a cusa masa tawada, sannan a buga shi a takarda kwafi da yawa, ni kuwa sai na zaɓi zanen karkara da mutanen ƙasar Holan suka yi a ƙarni na 17. Na kwashe kwanaki ina duba su a shafin intanet na Rijksmuseum da ke Amsterdam, inda ake iya ƙara girman hoto har mutum ya ga kowane layi shi kaɗai, kuma gaskiya sun burge ni ƙwarai.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne ƙanƙantarsu, domin da yawa ba su wuce faɗin tafin hannu biyu ba, amma a cikin wannan ɗan fili sai ga hanya mai yashi ta ratsa tsakanin itatuwa, ga gida mai rufin ciyawa ya ɗan karkace, ga shanu a kwance, ga wani da sanda a kafaɗa yana tafe da karensa, can nesa kuma hasumiyar coci ta leƙo daga bayan tudu. Sararin sama yakan cinye rabin takardar ko fiye, kuma sau da yawa ba a zana komai a wurin ba, farar takardar kawai aka bari, amma ido ya yarda cewa sama ce.

To, ga inda na tsaya. Ni 'yar ƙauye ce, a gidan noma na tashi, na san yadda damina take barin gadon bayan mutum da tafin hannunsa. Na duba zane masu yawa, amma da ƙyar na ga wanda ya duƙa yana aiki. Kowa tafiya yake yi a natse, ko ya tsaya hira a bakin shinge, ko yana zaune yana kamun kifi, sai ka ce ƙasar da kullum ranar hutu ce. Ga shi kuma na karanta cewa a lokacin suna cikin yaƙi da Sifaniya wanda ya ɗauki shekara 80, daga 1568 zuwa 1648. Shin waɗannan wurare na gaske ne, ko da ka aka ƙago su? Idan na gaske ne, ina wahalar manoman ta shiga, ina kuma yaƙin ya shiga? Allah Ya saka da alheri.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, tambayarki ta faɗa a kan gaɓa, kuma rabin amsarta yana rubuce a shafin farko na wani jeri da nake zaton kin ci karo da shi. Wajen shekarar 1612 wani mai zane kuma mai ɗab'i a Amsterdam, Claes Jansz Visscher, ya fitar da jeri mai faranti 12 na wuraren da ke kewaye da birnin Haarlem, ya raɗa masa suna Plaisante Plaetsen, ma'ana wurare masu daɗin gani. A shafin take ya faɗi ƙarara waɗanda ya yi dominsu, wato masu sha'awa waɗanda ba su da lokacin yin tafiya mai nisa. Ke nan ba manomi ne ya zana ba, ba kuma manomi aka zana wa ba. Ɗan birni ne ya yi wa ɗan birni ɗan'uwansa, wanda ya wuni a kanti ko a ofishin fatake, yana so idan ya koma gida ya buɗe kundinsa ya ɗan sha iska ba tare da taɓo ya ɓata masa takalmi ba. Wanda ya fita shan iska kuwa, hanya yake gani da inuwa da wurin yada zango, mai aiki a gona sai dai ya hango shi daga nesa.

Amma kada wannan ya sa ki ɗauka ƙage ne. Wuraren na gaske ne, kowanne da sunansa, har Visscher ya jera sunayen kamar yadda ake jera abubuwan da ke cikin littafi: ƙauyen masunta na Zandvoort a bakin teku, masaukai biyu na gefen hanya, hanyar da ta nufi Leiden, gidan kutare na Haarlem, filayen shanyar lilin a gindin tuddan yashi, sai kangon wani tsohon gidan sarauta. Mutumin Haarlem na wancan zamani zai iya ɗaukar takardun ya fita ƙofar gari ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Wannan shi ne sabon abu a lokacin, domin kafin nan masu zanen ƙasa a yankin, irin su Joachim Patinir, sukan tara duwatsu masu tsini da koguna da birane da teku duka a allo guda, kamar wanda ya leƙo duniya daga cikin gajimare, sannan su maƙala wani labarin addini a kusurwa, alhali ƙasarsu a shimfiɗe take kamar tabarma.

Salon bai fara a Holan ba, a Antwerp ya fara, wadda a yau take cikin Beljiyam. A 1559 da 1561 maɗaba'ar Hieronymus Cock, wadda ake kira Iskoki Huɗu, ta fitar da jeri biyu, faranti 44 gaba ɗaya, na ƙauyuka da gonaki da lunguna, aka rubuta a kai cewa daga abin da ido ya gani aka zana su, kuma akasarinsu a kewayen Antwerp suke. Mai ainihin zanen bai sa sunansa ba, shi ya sa masana suke kiransa Gwanin Ƙananan Zanen Karkara, amma waɗanda suka mayar da shi kan jan ƙarfe 'yan'uwan juna ne, Joannes da Lucas van Doetecum. Ba a daɗe ba yaƙi ya bi ta kan waɗannan ƙauyuka na Brabant, yankin da Antwerp take ciki. A 1585 Antwerp ta faɗa hannun sojojin Sifaniya, dubban mutane, musamman 'yan Furotesta, suka kwashi dukiyarsu da sana'arsu suka yi arewa, zuwa Amsterdam da Haarlem da Leiden da Middelburg. Jama'ar Haarlem ta ninka, daga ƙasa da 20,000 zuwa kusan 40,000 a 1622. A cikin baƙin akwai masaƙa da masu wankin lilin da masu zane, kuma Esaias van de Velde, wanda ya shiga ƙungiyar masu zane ta Haarlem a 1612, daga irin wannan gida na masu hijira ya fito. A wannan shekara ta 1612 Visscher ya kwaikwayi wasu daga cikin tsofaffin zanen na Cock a sababbin faranti, ya sa sunan Pieter Bruegel a kai, wanda a ganina dabarar kasuwa ce don babban suna ya sayar da kaya. Ki kwatanta mai sayen a zuciyarki: dattijo ne da ya baro Brabant yana saurayi, yana kallon irin ƙauyen da ya sani kafin a cinna masa wuta. Irin wannan mutum ba ya bukatar a nuna masa wahala, ya riga ya gan ta da idonsa.

Sai batun lokaci. Daga 1609 zuwa 1621 an tsagaita wuta na shekara 12, kuma a cikin wannan tsakani ne jerin Visscher da na Esaias da na Jan van de Velde da na Willem Buytewech suka fito kusan a jere. Natsuwar da kika ga ta yi yawa, a wurinsu ita ce labarin, domin hanyar da mutum zai bi shi kaɗai da sandarsa, babu fargabar soja ko 'yan kwanton ɓauna, sabon abu ne ga wanda aka haifa a cikin yaƙi.

Duk da haka yaƙin yana nan, sai dai mai kallo ya san inda zai duba. Kangon da Visscher ya rufe jerinsa da shi, Huis ter Kleef, nan ne Don Fadrique, ɗan Alba sarkin yaƙin Sifaniya, ya kafa sansaninsa lokacin da ya yi wa Haarlem ƙawanya na wata bakwai, daga Disambar 1572 zuwa Yulin 1573. Da garin ya miƙa wuya an kashe sojojin da suka kare shi kusan 2,000, gidan kuma aka tarwatsa shi a wannan shekara. Ke kin ga tsohon bango da ciyawa ta fito a kai, mutumin Haarlem kuwa ya san abin da aka yi a wurin. Idan kuma kina son ganin abin tsirara, ki nemi jeri mai faranti 4 da Boetius à Bolswert ya sassaƙa a 1610 daga zanen David Vinckboons, wanda aka sani da Baƙin Cikin Manomi, inda sojoji suka mamaye gidan ƙauye suna ci suna sha suna wulaƙanta masu gida, daga baya kuma manoman suka rama. A kasuwa ɗaya aka sayar da wannan da wancan, kowane mai saye da abin da ya zo nema.

Mai Bugun Zane ya rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara ilimi. Ni zan shigo ta ɓangaren sana'ar kanta, domin kayan aikin ma suna da hannu a abin da ƙanwarmu ta lura da shi, kuma akwai wuri guda da nake ganin ba a yi wa masu zanen adalci ba.

Hanya biyu ce babba. Tsohuwar ita ce a riƙe ɗan ƙarfe mai kaifin baki a tura shi cikin jan ƙarfen da ƙarfin hannu, ana yanko siririn zaren ƙarfe, aiki ne irin na maƙeran fari wanda yake cin shekaru kafin a ƙware, layinsa kuma a tsare yake fitowa kamar saƙa. Ta biyun ita ce cin asid, kuma da ita aka yi akasarin waɗannan zane na karkara. Za a ɗumama faranti, a shafe shi da kakin zuma wanda aka narka da ƙaro da kwalta, a kara shi a hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, sannan a ɗauki allura a yi zane a kan kakin kamar mai rubutu da alƙalami. Kakin kawai allurar take karcewa, ba ta shiga ƙarfen. Daga nan a zuba asid, ya ci wuraren da allura ta buɗe, ya bar inda kaki ya rufe. A wanke, a cusa tawada a cikin ramukan, a goge saman da ƙyalle, a ƙarasa da gefen tafin hannu, a ɗora takarda mai danshi, a lulluɓe da bargo, a murza ta tsakanin gungume biyu na injin matsi.

Tunda hannu a sake yake tafiya, mai zanen fenti yana iya yin farantinsa da kansa ba sai ya miƙa wa masassaƙi ba, kuma layin allura mai ɗan rawa ya dace da abin da ba shi da tsari: rufin ciyawa da ya zube, ganye, sawun keken doki a yashi, katakon shinge da ruwa ya ci. Mutanen da ke ciki kuwa sau da yawa ba su kai ƙwayar wake ba, layi uku ko huɗu ne mutum guda, saboda haka babu fuskar da za a ga gajiya a kanta. Amma, ƙanwata, ki sake ƙara girman hotunan, za ki ga mace da bokitan madara biyu rataye a sandar kafaɗa, da mai tura kwale-kwale da gora, da keken doki shaƙe da ingirici. A jerin watanni 12 kuma, irin waɗanda Jan van de Velde ya yi, al'ada ce a nuna aikin lokacin, kamar yankan ciyawa da girbin hatsi. Aikin yana nan, an dai mayar da shi ƙarami, an ba itace da sama girman.

Ki ɗauki Itatuwa Uku na Rembrandt, shahararren mai zane na Holan, na 1643, wanda bai wuce santimita 21 da 28 ba. Da farko itatuwan nan uku a kan jinga za ki gani, da hadari, da layukan ruwan sama a karkace ta kusurwar hagu. Idan kika daɗe kina kallo sai ki gano mai kamun kifi da wata mace a zaune kusa da shi, da shanu da makiyaya a cikin fili, da keken doki ɗauke da mutane a bayan itatuwan, da wasu masoya biyu a ɓoye a cikin duhun kurmi ta ƙasan dama, can a kan tudu kuma ga wani ɗan mitsitsin mutum zaune yana zane, ya ma juya wa duk wannan baya. A nan Rembrandt ya haɗa cin asid da hanya ta uku, wato a karce jan ƙarfen kai tsaye da allura mai ƙarfi, babu kaki babu asid. Karcen yana tayar da ɗan ƙaiƙayin ƙarfe a gefen layi, wanda yake riƙe tawada ya ba da baƙi mai laushi kamar karan-miski, amma matsin inji yana kwantar da shi da wuri, shi ya sa bugun farko-farko ya fi na baya kyau da tsada nesa ba kusa ba.

Abu biyu kuma ga mai tambayar ko wuraren na gaske ne. Duk abin da aka zana a faranti a juye yake fitowa a takarda, dama ta koma hagu, kuma Rembrandt bai cika damuwa ya gyara wannan ba, saboda haka hangen birnin Amsterdam da ya yi wajen 1640 sai an kara shi a madubi gine-ginen suke komawa mazauninsu. Sannan injin iska da ya zana a 1641, wanda aka daɗe ana cewa na mahaifinsa ne a Leiden domin uban mai niƙa ne, an gano cewa wani inji ne a kan ganuwar Amsterdam da majema suke laushin fata a cikinsa da man kifi, wanda mutanen gari suke yi wa laƙabi da ƙaramin inji mai wari. A sararin saman wannan zane akwai wasu siraran tsage-tsage da ake ganin kakin ne ya tsattsage asid ya shiga. Na san wannan ciwo, domin na taɓa barin faranti a cikin asid a zafin watan Afrilu bisa lissafin mintunan da na saba da su a lokacin sanyi, na manta cewa zafi yana ƙara masa kaifi, da na ciro sai na tarar layukan ganyen da na kwana biyu ina yi sun haɗe sun zama rami guda.

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Yaya. Na koma na duba Itatuwa Uku, mai zanen da ke kan tudu na gan shi nan da nan, amma masoyan sai da na ƙara hasken kwamfuta kafin na gano su. Sai dai bayanin ya haifar mini da wata tambayar. Idan attajiran birni ake sayar wa, kuma an ce a wannan ƙarni Holan tana cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki a Turai, me ya sa gidajen ƙauyen da ke cikin zanen kusan duk tsofaffi ne, rufi ya lotsa, bango ya jingina da tokara? Talaucin manoman ne ya fito a nan ba da niyya ba, ko shi ma zaɓi ne?

Mazauniyar Leiden ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ƙanwata, zaɓi ne, kuma na fahimci haka ne ranar da na je Beemster, arewa da Amsterdam. Wurin a da tafki ne, attajiran Amsterdam suka haɗa jari, aka kewaye shi da jinga, aka kafa injinan iska fiye da 40 suka yi ta kwarfe ruwan har ƙasa ta fito a 1612, wato daidai shekarun da Visscher yake sayar da wurarensa masu daɗin gani. Fili ne mai faɗin murabba'in kilomita kusan 70, an yanka shi murabba'i-murabba'i da hanyoyi da magudanai miƙaƙƙu kamar an ja da zare, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Wannan ita ce sabuwar karkarar da kuɗin birni ya gina, amma a taswira aka fi ganinta, masu zanen sha'awa ba su cika waiwayarta ba. Abin da suke nema shi ne wanda ya tsufa ya karkace, domin shi allura take jin daɗinsa, shi kuma yake tuna wa ɗan birni da rayuwar da yake ganin ta fi tasa sauƙi. Abraham Bloemaert na Utrecht ya yi suna a kan zana irin waɗannan gidaje masu zubewa, kuma Bolswert ɗin nan da Malam ya ambata shi ne ya buga jerinsu wajen 1614.

Akwai kuma wani abu da nake ganin ya shafi tambayarki ta farko. Kin nemi mai duƙawa da fartanya ne, alhali lardin Holan ƙasar fadama ce mai ruwa a kusa, ba ta yi wa hatsi daɗi sosai. Hatsin da biranen suke ci, babban kasonsa ta jiragen ruwa yake zuwa daga Tekun Baltik, musamman ta tashar Danzig, kuma 'yan kasuwar Amsterdam suna kiran wannan fatauci uwar ciniki. Da hatsi ya samu daga waje, sai manoma da yawa suka koma kiwo, suna sayar da man shanu da cuku, suna kuma turke bijimai da ake korowa daga Denmak. Aikin irin wannan gida tatsa ce safe da yamma, da kaɗa madara da matse cuku a cikin ɗaki, wanda akasari mata ne suke yi, sai yankan ingirici a 'yan makonni na bazararsu. Mai wucewa a hanya da rana tsaka ba zai ga ko ɗaya ba, shanu kawai zai gani suna tuƙa. Saniyar da ke kwance a zanen ita ce gonar kuma ita ce jarin, shi ya sa Paulus Potter, wanda ya rasu a 1654 bai kai shekara 30 ba, ya iya fitar da jeri na shanu zalla a 1650 ya kuma sami masu saye. Rumfar nan mai dogayen ginshiƙai da kike gani kusa da gidaje, mai rufi kamar malfa, ma'ajiyar ingirici ce, ana ɗaga rufin sama idan an cika ta, ana sauke shi a hankali yayin da shanu suke cinyewa a lokacin sanyi.

Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shi ne ayyukan da suka fi kowanne tsanani, su ne aka fi ɓoyewa. Makamashin da ya riƙe biranen baƙar ƙasar fadama ce da ake yankowa a busar a ƙona, har aka kai ga kwasota daga ƙarƙashin ruwa da raga mai doguwar ƙota, mutum yana tsaye a cikin sanyi da laka wuni guda, kuma da wuya ki ga wannan a cikin zanen shaƙatawa. Haka filayen shanyar lilin na Haarlem, waɗanda a takarda suke fitowa kamar fararen layuka masu kyau a kan ciyawa. Lilin ɗin sai an jiƙa shi a ruwan toka, an tsoma shi a tsala, an shimfiɗa, ana yayyafa masa ruwa, ana maimaitawa har tsawon watanni, masu aikin kuma da yawansu mata ne 'yan ci-rani.

Idan manomin kansa kike son gani da fuska da hannu, ki koma kan Adriaen van Ostade na Haarlem, wanda ya bar faranti 50. A ɗaya na 1647 uba yana yanka burodi, uwa tana riƙe da jariri, a cikin ɗaki mai duhu da tarkace ko'ina. Shi ma dai ɗan birni ne mai rufin asiri, kuma manomansa sun fi yawan zama a mashaya da rawa da shan taba fiye da gona.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Malama ta cike gurbin da na bari, musamman batun kiwo. Gargaɗi ɗaya zan ƙara, 'yata, kafin ki rubuta cewa duk wuraren na gaske ne. Na Haarlem da na kewayen Amsterdam haka suke, amma a wannan ƙarni Jan Both da Nicolaes Berchem suna buga tuddai da makiyaya irin na Italiya, Allart van Everdingen yana buga duwatsu da bukkokin katako bayan tafiyarsa Norwe da Suwidin a 1644, Hercules Segers kuma yana ƙago kwaruruka masu ban tsoro, yana buga su da tawada mai launi a kan ƙyalle ko takardar da ya riga ya rina, har kusan kowane bugu ya bambanta da ɗan'uwansa. Saboda haka ki bi kowane zane da sunansa, kada ki yi musu kuɗin goro.

Akwai guda da zan so ki sa a aikinki, na Rembrandt na 1651, dogo siriri mai faɗin santimita 32 da tsayin 12, wanda aka fi sani da Filin Mai Awon Zinariya. Sunan kuskure ne na masu tsara kundi na baya, waɗanda suka zaci gandun wani babban mai karɓar haraji ne da Rembrandt ya taɓa zanawa yana awon zinariya. Hange ne daga tuddan yashi na Bloemendaal, a juye kamar yadda Mai Bugun Zane ya bayyana, ga babbar cocin Haarlem can nesa, ga filayen shanyar lilin da 'yan ɗige-ɗigen mutane a duƙe suna aiki, waɗanda su ne kike nema tun farko. Gidan gonar da ke tsakiya kuwa, Saxenburg, na Christoffel Thijs ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka sayar wa Rembrandt gidansa na Amsterdam a 1639 a kan gilda 13,000, kuɗin Holan na lokacin, kuma a lokacin da ya yi zanen bai gama biya ba. A 1653 Thijs ya matsa a ba shi kuɗinsa, a 1656 Rembrandt ya karye, aka zo aka rubuta kayan gidan ɗaki bayan ɗaki, a ciki har da zanen fenti guda 8 na Segers, a 1658 kuma aka yi gwanjon gidan.